Tica Cyprian, Wanda Ya Ajiye Alli Ya Ɗauki Muciya

Kafin a kaɗa ƙararrawar farko a cocin Kabong, Tica Cyprian Choji ya riga ya fito da kekensa tsakar gida. Tsohon keke ne baƙi, shi ya riƙa hawa zuwa makaranta shekara da shekaru. Jakar fatar da yake zuba littattafan yara tana nan ɗaure a bayansa, sai dai yanzu abin da ke cikinta kwanon gwate ne da matarsa Hanatu ta zuba masa. Yakan tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, Ngo Chundung, ya gaishe ta da yarensu na Birom, ita kuma ta amsa daga cikin bargo ba tare da ta buɗe ido ba. Daga nan sai ya gangara ta tsakanin duwatsu, ya bi gefen shingen ƙerana, ya hau kwalta.

In ya isa kamfanin giyar da yake aiki a bakin gari, ba ya wuce mai gadi sai ya tambaye shi lafiyar iyali. Sai ya sa takalmin roba, ya shiga ɗakin dafuwa, inda tukwanen jan ƙarfe suke tsaye, kowace ta fi ɗakin kwanansa girma. Yakan zagaya su a hankali, ya dafa wannan bututu da tafin hannu, ya duba ma'aunin zafi, ya ɗaga murfi ya leƙa. Ma'aikata sun saba. In suka ga yana wannan zagaye, ba mai yi masa magana sai ya gama.

Ni mai wannan rubutu sunana Haladu, ɗan unguwar Dilimi ne a nan Jos, kuma Musulmi. Abin da Cyprian ke dafawa ban taɓa kai shi bakina ba, ba kuma zan kai ba, shi ma bai taɓa miƙo mini ba. Aji kusa da aji muka koyar a firamare, bango ɗaya ya raba mu, ina jin muryarsa yana jin tawa. Na san wani zai ce me ya haɗa ni da yabon mai dafa giya. Mutumin nake yabo, kuma abin da zan faɗa a gaban mutane aka yi shi, da yawansu suna raye a garin nan.

A gindin tukunyar uwarsa ya tashi. Ngo Chundung ba ta taɓa sayar da burkutu ba. Takan dafa ne in za a yi gayya a gonar acca, ko biki, ko Kirsimeti. Tun yana ƙarami yake zama yana kallon yadda take jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta a inuwa ta rufe da ganye har ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace, ta sake dafawa. Aikin mata ne, kowa ya sani. Ubansa ya sha korarsa daga wurin da sanda, yana cewa ɗa namiji gona ce tasa. Sai ya gudu, in uban ya juya baya ya dawo. Ya taɓa gaya mini cewa ba sha ne ya ja shi ba, don har gobe rabin ƙwarya ya ishe shi. Ƙanshin ne. Wannan ƙanshi mai zaƙi da ke tashi in tsiro ya fara tafasa, ya cika gida, ya kama tufafi.

Da ya zama malami ya yi aure, sai ya kafa 'yar rumfar kwano a bayan gida. Ranar Asabar, sauran malamai suna filin ƙwallo, shi yana can da muciya a hannu, hayaƙi na cin idonsa. Bai tsaya ga abin da uwarsa ta koya masa ba. Ya gwada acca, ya gwada gero, ya sa zuma, ya sa citta. Wani ya yi daɗi, wani ko awaki sun ƙi dusarsa. Wata shekara ya ce shi ma sai ya zuba a kwalba kamar na kanti. Ya tara kwalabe, ya cika, ya toshe, ya jera su ƙarƙashin gado. Ranar da matan coci suka taru a ɗakin Hanatu suna koyon waƙar biki, ranar kwalaben suka zaɓa. Ta farko ta fashe kamar bindiga, sauran suka bi. Mata suka yi waje ba takalmi, wata har da kiran sunan Yesu tana cewa sojoji sun shigo. Hanatu ta yi mako ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa abin da ya dame shi kawai, ya gano me ya sa suka fashe.

A shekarar 1976 abubuwa biyu suka zo masa tare. Gwamnati ta buɗe makarantu ko'ina, aka kira shi aka ce za a ba shi hedimasta a wata sabuwa. A watan kuma kamfanin giyar ya fara ɗaukar ma'aikata. Ya je ya tambaya. Aka ce masu dafuwa sai wanda ya yi karatun aikin, abin da ya rage shi ne wankin tankuna, aikin lebura. Ya ce yana so.

Da ya gaya wa Hanatu, tana tankaɗen gari. Ta ajiye rariya.

"Baban Ladi, kana da shekara arba'in da bakwai. Hedimasta fa aka ce."

"Na ji."

"Ka bar kujera ka je ka riƙe tsintsiya? Yaran nan me za su ce a makaranta in an tambaye su aikin ubansu?"

"Su ce yana koyon aiki."

"Koyon aiki da furfura?"

Ya zauna a kan turmi kusa da ita. Ya ce, "Hanatu, na koyar da 'ya'yan mutane da zuciya ɗaya, ban cuci kowa ba. Amma kullum Litinin ta yi, Asabar nake jira. In ban gwada yanzu ba, zan mutu ina jiran Asabar. In kin ce kar in je, ba zan je ba. Da gaske nake."

 Ta ɗauki rariyarta ta ce, "Je ka. Amma kwalba ko ɗaya ba za ta sake shiga ɗakina ba."

Mu a makaranta mun yi masa magana har muka gaji. Ni kaina na ce masa haukar tsufa ce ta zo da wuri. Ya yi dariya, ya bar mini kwalin allinsa.

Ranar farko a kamfani aka tura shi wurin shugaban ɗakin dafuwa. Yana shiga ya tarar da Ishaku, wanda ya koya wa lissafi a aji huɗu, ya girma, ya je Turai ya yi karatun aikin ya dawo. Ishaku ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi.

"Tica! Me ya kawo ka? Zauna, zauna."

"Aiki na zo, oga. An ce kai za ka nuna mini inda zan fara."

"Haba Tica, kar ka ce mini oga. Ni zan sa ka wankin tanki? Wallahi ba zan iya ba."

"Za ka iya. Da kana ajina, na taɓa jin nauyin sa ka shara? A nan kai ka sani, ni ban sani ba. In na yi kuskure ka faɗa mini a gaban kowa, kamar yadda za ka yi wa wani. In ka raga mini, ka cuce ni."

Haka aka yi. Aka haɗa shi da Onyekwere, wani ɗan Ibo da aka haifa a Jos, ya tafi lokacin yaƙin basasa ya dawo bayansa, matarsa Ulonma tana tuyar ƙosai a bakin ƙofar kamfanin. Onyekwere bai yi nisa a makaranta ba, amma ya iya wanki, shi ya koya wa Cyprian yadda ake riƙe buroshi kar kafaɗa ta mutu kafin azahar. Fiye da shekara suna shiga tankuna tare. Iyayen yaran da ya koyar sukan gamu da shi a hanya da kaki jiƙe, wasu su kau da kai don kar ya ji kunya. Shi kuwa sai ya tsayar da keke ya gaishe su. In aka tashi cin abinci, yakan bi Ishaku da tambayoyi: me ya sa sha'ir ake kawowa daga waje, me ganyen nan mai ɗaci yake yi, me ya sa yis ɗinsu, abin da ke tayar da giyar, ke son sanyi alhali na uwarsa zafi yake so. Ishaku ya riƙa ba shi aron littattafansa. Kafin ƙarshen 1977 ya gaya masa cewa in shekara ta juyo za a mayar da shi ɗakin dafuwa.

Kai ne, Cyprian, wanda ya durƙusa gaban ɗalibinsa ya ce koya mini, bai ji an rage masa komai ba. Mu da muka yi maka dariya, yawancinmu ko tambayar hanya ba ma iya yi in yaro ne ya santa.

Gab da Kirsimetin shekarar abin ya faru, da hantsi. In giya tana tashi a tanki, akwai wata iska da take fitarwa, ba launi ba wari, mai nauyi, takan kwanta a gindin tankin ko bayan an kwashe giyar. Wanda ya shaƙe ta sosai ba ya kai minti kaɗan. Kowa a wurin ya san dokar: a buɗe murfi, a kunna fanka ta kore ta, sannan a shiga. Ran nan bel ɗin fankar ya tsinke, makaniki ya tafi neman wani. Onyekwere kuwa da yamma zai hau mota shi da iyalinsa zuwa garinsu. Ya ga lokaci na tafiya, ya ce bari ya sauka ya ɗan fara.

Cyprian ya dawo da bokitin ruwa, ya tarar da hular Onyekwere a bakin tanki. Ya leƙa. Can ƙasa ya hango shi kwance rub da ciki, ba motsi. Ya ƙwalla ihu, mutane suka rugo, Ishaku na gaba. Wani ya ce a jira a kawo fanka daga wani ɗakin, wani ya ce a kira motar asibiti. Cyprian bai saurari kowa ba. Ya fizgo igiya biyu daga jikin bango, ya ɗaura ɗaya a ƙugunsa, ya miƙa wa shugabansa bakinta.

"Ishaku, riƙe!"

Waɗanda ke wurin sun ce tun da ya shigo kamfanin ba a taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar, kuma da muryar aji ya kira. Ishaku ya riƙe. Cyprian ya ja numfashi ya cika ƙirji, ya bi tsani ya sauka. Suna kallo daga sama ya zura igiya ta biyu ƙarƙashin hammatar Onyekwere, ya ƙulle, ya ɗaga hannu. Aka ja. Shi kuma ya kama tsani ya fara hawa, ya kai kusan rabi, numfashin ya ƙare masa. Ya shaƙa. Hannunsa ya saki, kafin igiyar ta miƙe ƙeyarsa ta bugi gindin tankin. Da igiyar suka jawo shi, jini na bin wuyansa.

Onyekwere ya farfaɗo a mota kafin a kai asibiti. Cyprian sai washegari ya buɗe ido. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an fito da mutumin. Aka nuna masa shi a gadon da ke gefensa yana kuka.

Bayan kwana biyu Hanatu ta kawo masa gwate. Ya ci loma kaɗan ya ce, "Yau kin manta daddawa."

Hanatu ta dube shi. Warin daddawar ya cika ɗakin, har majinyacin da ke can ƙarshe yana tambayar ko akwai saura. Ta ɗauko ɓawon lemo ta matsa a gaban hancinsa. Ya girgiza kai. Likita ya ce buguwar ta taɓa jijiyar jin ƙanshi, wani lokaci yakan dawo, wani lokaci ba ya dawowa. Nasa har yau bai dawo ba.

Da ya warke ya koma aiki, sai ya wuce ɗakin dafuwa lokacin da tukunya ke tafasa. Ya ɗaga murfi, tururi ya rufe masa fuska, ya tsaya a haka har idonsa ya yi ja. Daga baya da na je gaishe shi ya ce mini, "Malam Haladu, ka san yadda yake? Kamar ka koma gidanku ka tarar an kwashe kowa."

A lokacin, ban da Hanatu da uwarsa da likita, ba wanda ya sani. Da ya yi shiru, da an ba shi matsayin da aka yi masa alkawari, ba mai ganewa sai ranar da wata tukunya ta lalace a hannunsa. Ya yi kwanaki yana juya abin. Sannan ya je ofishin Ishaku da ƙafarsa ya faɗa masa. Manaja ya ji, ya yi juyayi ƙwarai, ya ce za a ba shi aiki mai sauƙi a sito, ya zauna a kujera, tunda mai dafuwa ba hanci kamar direba ne ba ido. Ba mugunta ya yi ba, gaskiyarsa ya faɗa.

A wannan makon Cyprian ya daina shiga rumfarsa ta bayan gida. Ngo Chundung ta lura. Wata Asabar ta sa Hanatu ta kwaɓa mata tsiro, aka dafa, aka zuba a tulu. Da ya fara tashi ta aika aka kira shi.

"Choji, zo ka gaya mini, ya yi?"

"Ngo, kin san ba na ji."

"Hanci kaɗai Allah ya ba ka? Ni ma nawa ya tsufa tun kafin ubanka ya mutu, wa ya taɓa ganewa? Sa kunnenka."

Ya durƙusa ya kara kunne a jikin tulun. Ta ce ya saurari yadda yake tsartsatsi, in yana sauri kamar yayyafi a kan kwano da saura, in ya koma jefi-jefi ya yi. Ta kama yatsunsa ta tsoma, ta ce ya murza ya ji danƙo. Ta nuna masa kumfar da ke cewa lafiya da wadda ke cewa an sami matsala.

Ran Litinin ya shirya komawa wurin manaja ya roƙi a gwada shi, sai ya tarar Onyekwere ya riga shi. Yana tsaye a ofis, hula a hannu, da irin Hausarsa yana cewa, "Oga, ni ne ya ci hancin Tica. Nawa yana nan, lafiya lau. Ka bar shi a tukunya, ni zan shinshina masa. Shi ya san abin, ni ina da hanci. Ka haɗa mu ka gani."

Ishaku ya sa baki, ya ce shi zai ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya. Manaja ya yarda a gwada.

Matsalar ita ce Onyekwere yana jin ƙanshi amma bai san me yake ji ba. Abin da zai iya cewa kawai, da daɗi ko ba daɗi. Nan malantar da muka ɗauka Cyprian ya bari ta dawo. Ya zo Dilimi ya karɓi alli a hannuna. Lokacin cin abinci, a gindin itacen turare da ke bayan ɗakin dafuwa, sai ya baje kaya a kan benci: ayaba da ta nuna sosai, dafaffiyar masara, jiƙaƙƙen tsumma, nono mai tsami, tsohon kwali. Ya sa Onyekwere ya rufe ido ya shinshina ya faɗi suna. Sannan ya kawo giya daga tankuna dabam-dabam ya ce, wanne ka ji a ciki? Shi da ba ya jin ko ɗaya, duk suna nan a kansa, ya san abin da kowanne ke nufi da inda aka yi kuskure in ya fito. Masu wanki da masu ɗaukar buhu suka fara matsowa da kwanukansu suna kallo, suka shiga su ma. Yau a ɗakin akwai mutane da dama da za su gane tukunya ta fara ɓaci tun daga bakin ƙofa, dukkansu ɗaliban mutumin da ba ya jin ƙanshin tuwon gidansa ne. Onyekwere ya bar wankin tanki, shi ne mai ɗanɗano. Kuma tun daga ranar tankin, ba wanda ke sauka sai da igiya a ƙugu da mutum a sama. Cyprian da Ishaku suka nemi a yi dokar.

Watan jiya, a wannan shekara ta 1979, Cyprian ya ci jarrabawar aikin, aka sa masa farar rigar masu dafuwa yana da shekara hamsin. Ba a yi taro ba, ba a buga a jarida ba. Ulonma ce ta raba ƙosai kyauta a bakin ƙofa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A damunar nan Ulonma ta haihu, namiji. Ranar da aka yi masa baftisma suka gayyace mu cin abinci, ina wurin. Onyekwere ya miƙe ya ce sunan yaron Choji. Danginsa suka ce ba su taɓa jin ɗan Ibo da wannan suna ba, ya ce to yau sun ji. Aka miƙa wa Cyprian jaririn. Ya karɓa, ya sunkuya ya kai hancinsa kan yaron kamar yadda kowa ke yi ba tare da tunani ba, ya daɗe a haka. Hanatu ta kau da kai.

Onyekwere ya matso kusa da shi ya ce, "Tica, in faɗa maka?"

"Faɗa."

Ya shinshina da kyau, kamar a wurin aiki. "Nono. Man kaɗanya. Sai ɗan fitsari kaɗan."

Cyprian ya ce, "To, ya yi." Aka fashe da dariya, shi ma yana yi, hawaye na bin kumatunsa.

Tica Cyprian, ɗan Chundung, namijin da bai ji kunyar muciya ba. Kai ne ka bi abin da zuciyarka ke so bayan furfura ta fito, kai ne kuma ka ba da mafi daɗin abin da ke cikinsa don wani ya koma wurin 'ya'yansa, ba ka taɓa yi wa kowa gori ba. Mun gode maka, mu gode wa Hanatu da ta ce je ka. Ku kuma masu karatu, ba na ce ku dafa abin da yake dafawa ba. Kowa da sana'arsa, kowa da addininsa. Amma in akwai aikin da hannunku ke ƙaiƙayinsa, ku je ku koya, ko a wurin ɗan cikinku ne. In kun iya, ku koya wa na kusa da ku. In kuma kun leƙa kun ga mutum kwance a ƙasa, kar ku tsaya tambayar ɗan wane gari ne. Allah ya ƙara maka lafiya, Tica, ya raya takwaranka.